Yadda Ake Sayar wa Kamfanin Gina Gidaje Filin Zama

Duk wanda ya san unguwannin Nassarawa da Bompai a Kano, ko Unguwar Rimi da Malali a Kaduna, ya ga yadda tsofaffin gidaje masu faffaɗan fili suke ƙarewa ɗaya bayan ɗaya, ana rushe su ana jera gidaje shida ko takwas a wurin da a da gida guda ne da itatuwan mangwaro. A bayan gari kuma gonaki ne ake yankawa ana kewayewa da katanga, kamar yadda ya faru a Lugbe da Lokogoma a Abuja. Masu wannan aiki galibi kamfanonin gina gidaje ne, kuma ciniki da su ya sha bamban da ciniki da magidancin da yake neman inda zai zaunar da iyalinsa. Magidanci yana duba maƙwabta da nisan masallaci da makaranta, idan wuri ya kwanta masa a rai sai ya ƙara kuɗi. Kamfani ba ruwansa da kwanciyar rai: abin da yake saya shi ne adadin gidajen da hukuma za ta yarda ya gina a wurin, da tabbacin cewa babu wanda zai tashe shi bayan ya zuba kuɗinsa. Mai filin da ya fahimci wannan tun kafin a zauna shi ne yake sayarwa da daraja.

Takardu kafin tayi

A Najeriya, tun da aka kafa Dokar Amfani da Ƙasa a shekarar 1978, ƙasar kowace jiha tana hannun gwamna ne a matsayin amana, abin da mutum yake riƙe da shi kuwa haƙƙin zama ne da amfani, wanda a filayen gidaje yawanci ake bayar da shi na shekara 99. A Abuja ƙasar ta gwamnatin tarayya ce, ministan birnin ne yake tsayawa a matsayin gwamna. Saboda haka abin da kake miƙa wa kamfani shi ne ragowar wa'adin da ke kan takardarka, kuma sashe na 22 na dokar ya hana miƙa shi ko jinginar da shi ba tare da amincewar gwamna ba, sashe na 26 kuma ya ce duk cinikin da ya saɓa wa wannan ba shi da inganci. Kotun Ƙoli ta tabbatar a shari'ar Savannah Bank da Ajilo a shekarar 1989 cewa wannan sharaɗi ya shafi har waɗanda suka mallaki filayensu a birni tun kafin zuwan dokar. Kamfanin da ya san aikinsa ya san wannan sarai, shi ya sa tambayar farko da lauyansa zai yi ita ce wace irin takarda ke hannunka.

Takardu kuwa hawa-hawa ne. Satifiket ɗin mallaka, wanda aka fi sani da C of O, shi ne a sama, sai takardar ba da fili ta gwamnati da ba a kai ga fitar mata da satifiket ba, sai takardar ƙaramar hukuma, sannan filayen awon igiya waɗanda ba su da komai sai takardar ciniki da sa hannun mai unguwa ko dagaci. Kowane hawa da farashinsa, domin duk abin da ya rage ba a yi ba, kamfani zai cire kuɗinsa da lokacinsa da haɗarinsa daga abin da zai ba ka. Wanda yake da filin awon igiya a wurin da gari ya riga ya cimma, kuma ba matsuwa ce ta sa shi sayarwa ba, ya fi masa alheri ya fara neman a daidaita masa takarda a ma'aikatar ƙasa kafin ya saurari tayi. A Abuja ma lamarin ya fi tsauri, domin takardar da wani basarake ko ƙaramar hukuma ta bayar ba ta tsayawa a matsayin mallaka sai hukumar birnin ta amince da ita.

Kada ka jira kamfani ya je ya yi bincike a kan filinka ya dawo ya ba ka labari. Ka riga shi. Ka sa lauyanka ya nemi binciken fayil a hukumar da ke riƙe da bayanan ƙasa, wato KANGIS a Kano, KADGIS a Kaduna, AGIS a Abuja, domin a ga ko sunan da ke fayil naka ne, ko akwai jingina ta banki da ba a goge ba, ko wani ya shigar da ƙorafi, ko kuma akwai bashin harajin ƙasa na shekara-shekara. Mutane da yawa suna raina wannan haraji saboda ƙanƙantarsa, alhali rashin biyansa saɓa wa sharuɗɗan satifiket ne, kuma a watan Maris na 2025 hukumar Abuja ta sanar da soke takardun filaye 4,794 saboda bashinsa na fiye da shekara goma. Idan kai ma saya ka yi daga hannun wani kuma ba ka taɓa canza suna ba, to wannan gibin sai an cike shi, kuma ya fi sauƙi a cike shi tun wanda ya sayar maka yana da rai ana iya samunsa ya sa hannu.

Daga nan sai awo. A kira safiyo mai rajista ya sake gano turakun iyaka, ya gwada abin da ke ƙasa da abin da ke taswira. Sau da yawa za a tarar maƙwabci ya shigo da katangarsa ƙafa biyu ko uku, ko hanya ta ci gefe guda, kuma ya fi kyau mai fili ya san wannan ya warware shi da kansa da a gano shi ana tsakiyar ciniki a mai da shi dalilin rage kuɗi. A yi awon da murabba'in mita, domin da shi kamfanoni suke lissafi: fuloti mai ƙafa 50 da 100 yana kusan murabba'in mita 465, mai 100 da 100 kusan 929, hekta guda kuma 10,000.

Idan filin gado ne, a nan ne ya kamata a fi tsayawa, domin da yawa daga cikin shari'o'in da ke tsayar da gini daga nan suke tasowa. Babban wa ba shi da ikon sayar da filin mahaifinsu shi kaɗai don kawai takarda tana hannunsa. Sai an biya bashin mamaci, an fitar da wasiyya idan akwai, an san rabon kowa, har da matan mamaci da 'ya'ya mata da suke gidajen aurensu da wanda yake ƙasar waje. Hanya mafi aminci ita ce a je kotun shari'a a yi rabon a rubuce, ko a sami hukuncin da ya ba da izinin sayarwa a raba kuɗin, sannan a nemi takardun da ma'aikatar ƙasa take buƙata kafin ta karɓi sa hannun magada a madadin mamaci. Rabon marayu ba a taɓa shi sai ta hannun waliyyinsu da sanin alƙali. Akwai kuma hukuncin shuf'a, wanda dillalai ba sa son ambatonsa: a mazhabar Malikiyya, idan ɗaya daga cikin masu tarayya a filin da ba a raba ba ya sayar da kasonsa ga bare, sauran suna da haƙƙin karɓar wannan kaso a kan farashin da aka sayar. Kamfanin da ya bi magada ɗaya-ɗaya yana sayen kasonsu a ɓoye yana iya wayar gari a gaban alƙali, kuma wanda ya sayar masa ba zai tsira daga rigimar ba.

Lissafin da kamfani yake yi

Kasancewar fili na zama ne ba ya nufin ana iya gina kowane irin gida a kansa. A cikin satifiket an rubuta abin da aka ba da filin domin sa, tsarin unguwa kuma ya ƙayyade cunkoso: wata unguwa gida ɗaya ake yarda da shi a fuloti, wata a yarda da jerin gidaje, wata a yarda da bene mai hawa da yawa. Akwai kuma tazarar da dole a bari tsakanin gini da titi, da tsakaninsa da katangar maƙwabta, da abin da aka hana ginawa a ƙarƙashin babban layin wutar lantarki ko a bakin rafi da magudanar ruwa. Hukumar tsara birni ce take da wannan magana, wato KNUPDA a Kano, KASUPDA a Kaduna, da sashen kula da gine-gine na hukumar Abuja. Mai fili ya je da kansa, ko ya aika mai zanen gine-gine, ya tambayi abin da za a iya amincewa da shi a wurin, da abin da ake buƙata idan za a raba fulotin gida-gida ko a haɗe shi da na kusa da shi.

Dalilin wannan wahala shi ne kamfani daga ƙarshe yake faro lissafinsa ya dawo baya. Ga misali da alƙaluma na ƙaddarawa kawai, domin a ga yadda abin yake tafiya. A ce filinka zai ɗauki gidaje shida, kowanne za a sayar da shi naira miliyan 150, jimla miliyan 900 ke nan. A ce ginin kowane gida zai ci miliyan 80, wato miliyan 480. A ce zane da izinin gini da hanyar ciki da magudanar ruwa da katanga da rijiyar burtsatse da taransifoma da talla za su ci miliyan 70, kuɗin ruwan bashin banki kuma miliyan 50, sannan kamfani yana son ribar kashi 20 cikin ɗari na abin da zai sayar, wato miliyan 180. Abin da ya rage miliyan 120 ne, kuma wannan shi ne iyakar abin da kamfanin zai iya biya a kan filin ba tare da ya taɓa ribarsa ba. To amma idan hukuma za ta yarda da gidaje takwas, jimlar sayarwa ta koma miliyan 1,200, gini miliyan 640, sauran ɗawainiya da bashi a ce miliyan 140, riba miliyan 240, abin da ya rage wa fili ya zama miliyan 180. Gida biyu kacal sun ƙara wa filin miliyan 60, alhali ƙasar ita ce dai ba ta ƙaru da taku ɗaya ba.

Wannan shi ne abin da wakilin kamfani ba zai faɗa maka ba. Zai zo da farashin fulotin da aka sayar a layinku bara ya ce a kansa za a tsaya, alhali a ofishinsu lissafin gidaje takwas aka yi. Mai fili ba ya buƙatar ya zama injiniya kafin ya yi irin wannan lissafi. Ya isa ya biya ƙwararren mai kimanta kadara, wanda yake da rajista da ESVARBON, hukumar da ke yi wa masu wannan sana'a rajista, ya rubuta masa rahoto mai ɗauke da farashi biyu: abin da filin zai yi a kasuwa idan magidanci ne zai saya, da abin da zai yi idan aka lissafa ginin da zai ɗauka. Kuɗin wannan rahoto kaɗan ne idan aka gwada shi da abin da yake hana salwanta. A nan ya kamata a faɗi gaskiya ta ɗaya ɓangaren kuma: wani lokaci lissafin yana fitowa ƙasa da abin da mai fili yake zato, musamman idan wurin kwari ne da zai ci ciko, ko babu hanya mai kyau, ko siminti da rodi sun yi tashin da ya cinye ribar. Idan haka ta faru, ba kamfani ne mai sayen da ya dace da wannan fili ba, gara a yanka shi a sayar wa ɗaiɗaikun mutane.

Wanda filinsa yake maƙwabtaka da wasu filaye da kamfani yake nema ya sani cewa darajarsa tana ƙaruwa idan shi ne mashigar titi ko shi ne ya raba sauran filayen gida biyu. Maƙwabta uku da suka haɗa baki suka sayar tare sukan sami abin da ya fi wanda kowannensu zai samu shi kaɗai.

Dillali da mai saye

Ba a raba cinikin fili da dillalai, kuma nagari a cikinsu yana da amfani, domin shi ya san kamfanin da yake da kuɗi a hannu da wanda yake yawo da taswira kawai. Abin da ke ɓata lamari shi ne jerin dillalai biyar ko shida tsakanin mai fili da mai saye, kowanne ya ɗora nasa a kan farashi, har mai fili ya sallama a miliyan 100 alhali kamfani miliyan 130 ya fitar. Maganin wannan shi ne a zaɓi dillali ɗaya ko biyu, a rubuta la'adarsu da wanda zai biya ta tun farko, a kuma kafa sharaɗin cewa ba za a sallama ba sai mai fili ya zauna da shugabannin kamfanin ido da ido. Hoton takarda kawai ake ba dillali, shi ma a rubuta a jikinsa cewa na dubawa ne. Kuma kada a tsaya a kan mai tayi ɗaya: idan kamfanoni biyu ko uku suka san cewa ba su kaɗai ne suke nema ba, maganarsu takan canza.

Shi ma kamfanin sai an bincike shi kamar yadda yake binciken filin. A duba rajistarsa a hukumar rajistar kamfanoni ta CAC, a ga ko yana nan da rai a kundinta da kuma su wane ne daraktocinsa, a tabbatar cewa wanda zai sa hannu yana da izinin kamfanin a rubuce. Kasancewa cikin ƙungiyar masu gina gidaje ta REDAN alama ce mai kyau, amma ba ta kai zuwa ganin aiki da ido ba. A je rukunin gidajen da suka gina a baya, a tambayi mazauna ko an ba su gidajensu a kan lokaci, a nemi wanda ya sayar musu da wancan filin a ji yadda suka ƙare da shi.

Yadda za a biya

Hanyoyin biya uku ne aka fi sani, kuma haɗarinsu ba ɗaya ba ne. Ta farko ita ce a biya kuɗi duka a karɓi takarda, kuma ita ce mafi aminci ko da farashinta ya ɗan yi ƙasa. A yi biyan ta banki daga asusun kamfanin zuwa asusun mai fili, domin dokar hana halatta kuɗin haram ta 2022 ta hana mutum biya ko karɓar tsabar kuɗi fiye da naira miliyan 5, kamfani kuma fiye da miliyan 10, ba ta hanyar banki ba. Saƙon waya ba shaida ba ne, ceki ma ba kuɗi ba ne sai ya faɗa. Sai bankinka ya tabbatar maka cewa kuɗin sun zauna a asusunka sannan asalin satifiket zai bar hannunka.

Ta biyu ita ce biya kashi-kashi, kuma a nan ne ake yawan cutuwa. Kamfanoni da dama ba su da kuɗin filin a hannu. Abin da suke yi shi ne su ba da kafin alƙalami, su kafa allo, su kewaye wurin, su fara sayar da gidajen da ba a gina ba, sannan su riƙa biyan mai fili da kuɗin masu saye. Idan kasuwa ta yi kyau kowa ya samu, idan ta tsaya kuwa sai mai fili ya tarar da mutum ashirin da ba su san shi ba suna riƙe da rasit a kan filinsa, kuɗinsa ba su cika ba, filin kuma ba ya sake sayuwa. Saboda haka duk wanda zai yarda da wannan hanya ya sa a rubuta cewa ba za a kafa allo, ko a fara gini, ko a sayar wa kowa komai a wurin ba sai an biya wani kaso da aka ambata, kuma asalin takardu za su zauna a hannun banki ko lauyan da ɓangarorin biyu suka yarda da shi har a gama biya. A kuma taƙaita wa'adin. A watan Disamba na 2024 hauhawar farashi a Najeriya ta kai kashi 34.8 cikin ɗari, wanda yake nufin miliyan 100 da za a biya ka bayan shekara biyu a irin wannan yanayi ba miliyan 100 ɗin yau ba ce. Lauyoyi sukan rubuta tarar kuɗi a kan jinkirin biya, amma wanda yake gudun riba yana da wata mafita: ya sa a rubuta cewa idan wa'adi ya wuce da kwanaki kaza yana da ikon warware cinikin, ya mayar da abin da ya karɓa bayan ya sayar wa wani. Haka nan batun cinye kafin alƙalami idan mai saye ya fasa, malaman Malikiyya ba su yarda da shi ba, Hambaliyya kuwa sun halatta, don haka ya kamata a san matsayar da aka ɗauka a rubuta ta tun kafin kuɗi su shiga hannu.

Wani lokaci kamfani zai ce ba zai saya ba sai ya ga hukuma ta amince da zanensa, ya nemi a riƙe masa filin wata shida. Buƙata ce mai ma'ana, amma a sa mata ranar ƙarewa, kuma a rubuta cewa idan ranar ta wuce mai fili ya kuɓuta, ba sai ya nemi izinin kowa ba kafin ya sayar wa wani.

Ta uku ita ce haɗin gwiwa, inda mai fili yake ba da ƙasa, kamfani ya kawo kuɗi da aiki, a raba gidajen idan an gama. A takarda ita ce ta fi riba, domin mai fili yana cin moriyar tashin farashin gidaje, kuma ya fita da kadarar da zai zauna a ciki ko ya ba da haya. Amma idan ba a ɗaure ta da kyau ba, sayen kifi a ruwa ne. Bai isa a ce mai fili yana da gida biyu cikin shida ba: a nuna su da lambarsu a jikin zanen da hukuma ta amince da shi, a rubuta girmansu da yawan ɗakuna da irin tayil da ƙofofi da tagogi da wayoyin wuta da kayan banɗaki, domin an sha ganin kamfani ya gama nasa gidajen da kaya masu kyau ya sayar, ya bar na mai fili a kango a can ƙuryar baya. A sa sharaɗin cewa ginin zai tashi tare, ko kuma kamfani ba zai miƙa gidajensa na ƙarshe ga masu saye ba sai ya miƙa na mai fili. A rubuta ranar farawa da ranar gamawa da abin da zai faru idan aiki ya tsaya, har da ikon kawo wani kamfani ya ƙarasa. A rubuta cewa neman izinin gini da ɗaukar injiniyoyi masu rajista da alhakin duk wani haɗari a wurin aiki suna wuyan kamfani. Mafi muhimmanci, a hana jinginar da filin a banki ba tare da sa hannun mai shi ba, domin idan kamfani ya ci bashi da satifiket ɗinka ya kasa biya, banki filin zai sayar, ba ruwansa da gidaje biyun da aka yi maka alkawari.

A irin wannan haɗin gwiwa kamfani yakan nemi takardar wakilci domin ya riƙa shiga ofisoshi da sunan mai fili. Kotun Ƙoli ta bayyana a shari'ar Ude da Nwara a shekarar 1993 cewa takardar wakilci ba ta mayar da mallaka da kanta, izini ne kawai na yin aiki a madadin wani. Sai dai wannan bai rage mata haɗari ba, domin idan an rubuta a cikinta cewa wakili yana iya sayarwa ko jinginarwa, to abin da ya yi da sunanka ya hau kanka. A taƙaita ta ga neman izinin gini da abin da ya shafe shi, a sa mata wa'adi.

Rubutu da rufe ciniki

Lauyan kamfani kamfani yake yi wa aiki, komai kirkinsa, saboda haka mai fili ya ɗauki nasa. Takardu biyu ne ginshiƙi: yarjejeniyar ciniki, wadda take ɗauke da farashi da yadda za a biya da duk sharuɗɗan da aka ambata a sama, sannan takardar miƙa haƙƙi, wadda ake kai wa gwamnati domin neman amincewar gwamna da buga hatimi da rajista. Ta biyun ba a sa mata hannu sai kuɗi sun cika. A doka mai riƙe da satifiket ne yake neman amincewar gwamna, ko da yake a aikace mai saye ne yakan bi fayil ya biya kuɗin, kuma tun da kowace jiha da nata ƙa'idar, a rubuta ƙarara wanda zai biya kuɗin amincewa da na hatimi da na rajista da tsohon bashin harajin ƙasa. Idan aka ba ka shawarar a rubuta farashin da bai kai na gaskiya ba domin a rage waɗannan kuɗaɗe, ka ƙi, domin ban da saɓa wa doka, ranar da rigima ta kai kotu abin da ke rubuce shi alƙali zai gani.

Akwai harajin ribar sayar da kadara, wanda yake kan mai sayarwa. Shekaru da yawa kashi 10 cikin ɗari ne na ribar, amma sabuwar dokar haraji da aka sa wa hannu a watan Yuni na 2025 ta canza yadda ake lissafa shi, don haka a tambayi akanta ko ofishin harajin jiha kafin a sallama, a kuma adana rasit na sayen filin da na katanga da duk abin da aka kashe masa, domin da su ake rage ribar da za a yi wa haraji. Batun zakka ma yana da bambanci tsakanin filin da aka saya domin kasuwanci da wanda aka gada ko aka saya domin zama, kuma tambaya ce ta minti kaɗan a wurin malami.

Idan akwai ɗan haya ko mai gadi ko wanda aka ba aron wurin yana noma, a sallame shi ta hanyar da ta dace kafin ranar miƙawa, a bar manomi ya cire amfaninsa ko a biya shi, domin kamfani fili yake so wanda babu kowa a kai, kuma yana iya riƙe ragowar kuɗi a kan wannan. Ranar miƙawa a je wurin da safiyo da shaidu, a nuna turaku, a sanar da mai unguwa, a rubuta jerin takardun da aka miƙa kamfani ya sa hannu ya karɓa, mai fili kuma ya riƙe hoton kowace ɗaya. Bayan haka a ci gaba da bibiya ta hannun lauya har a tabbatar an canza suna a fayil ɗin ma'aikatar ƙasa, domin muddin ba a canza ba, takardar neman harajin ƙasa da duk wata sanarwa ta hukuma a kan wannan fili da sunanka za su ci gaba da fitowa.